Jigilar kaya a cikin ƙwayoyin jijiya da cututtukan da ke biyo bayan tsayawarta: tambayoyi da amsoshi

Jijiyoyin da ake magana a kansu a nan su ne masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran gaɓoɓi, ba na jini ba. A cikin kowace ƙwayarsu akwai zirga-zirgar kaya da ba ta tsayawa dare da rana. Mutane da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, alhali tana da hannu a ciwon haukan kare, da mutuwar ƙafar mai ciwon sukari, da wasu cututtukan tsufa da ke taɓa tunani da motsi.

Me ya sa ƙwayar jijiya take buƙatar jigila tun farko?

Saboda siffarta. Yawancin ƙwayoyin halittar jiki 'yan dunƙule ne, abin da aka haɗa a tsakiya yakan isa gefe nan da nan. Ƙwayar jijiya ba haka take ba. Tana da ƙaramar uwar jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, sannan dogon zare guda ɗaya mai fitar da saƙo, wanda ake kira akson.

Ɗauki ƙwayar da ke motsa tsokar tafin ƙafa. Uwar jikinta tana can cikin laka, a gadon baya, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Aksonta kuwa yakan kai mita 1, wato ya ninka faɗin uwar jikin sau dubu goma ko fiye. Duk wannan ƙwaya ɗaya ce tak. Bayanan gado suna cikin uwar jikin, kuma a nan ake haɗa mafi yawan furotin da akson yake rayuwa da su. Da za a bar furotin ya watsu da kansa har ya isa can ƙarshe, da rayuwar mutum ta ƙare bai isa ba. Dole a ɗauke shi a kai shi.

Ga kuma wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi. Fata da jini suna sabunta ƙwayoyinsu, amma mafi yawan ƙwayoyin jijiya ba a sake su. Wadda aka haife ka da ita, ita za ta yi maka aiki har shekara tamanin ko casa'in, idan rai ya kai.

Wannan jigilar ita ce saƙon da ke sa mutum ya janye hannu idan ya taɓa wuta?

A'a. Wancan saƙo na lantarki ne, a fatar akson yake bi, kuma a wasu jijiyoyi gudunsa yakan kai mita 120 a daƙiƙa. Jigilar kaya a cikin akson take, kuma a awanni da kwanaki ake auna ta. Sai dai saƙon lantarkin ba ya ɗorewa idan kayan aikinsa suka daina isowa.

To me ke ɗaukar kayan, kuma a kan me yake tafiya?

A cikin akson akwai siraran bututu da ke miƙe a tsawonsa, ana ce musu maikurotubul. An gina su da furotin mai suna tubulin, faɗin kowane kimanin nanomita 25 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Su ne hanya. Kowane bututu yana da gaba da baya, kuma a cikin akson duk sun fuskanci waje guda, gabansu yana kallon ƙarshen zaren. Da haka mai ɗaukar kaya yake sanin inda ya dosa.

Masu ɗaukar kayan furotin ne iri biyu. Kinesin shi ke fita da kaya daga uwar jiki zuwa ƙarshe, dainin kuma shi ke dawowa da su. Idan ka ga hoton kinesin, ba abin da zai zo maka a rai sai ɗan dako da kaya niƙi-niƙi a ka: ƙafa biyu a kan bututun, dogon jiki, sannan wata jaka da ta ninka shi girma ɗaure a sama. Kuma tafiyar ta gaske ce, yana ɗaga ƙafar baya ya wuce da ita gaba. Kowane taku nanomita 8 ne, kowane taku yana ƙona ƙwaya ɗaya ta sinadarin ƙarfi mai suna ATP, kuma yana iya yin taku kusan 100 a daƙiƙa ɗaya. In ka yi lissafi, mita 1 taku miliyan 125 ke nan. Ba kinesin ɗaya ke yin su duka a bututu ɗaya ba, don bututun guntu-guntu suke, kaya na sauka daga wannan su hau wancan, kuma kowace jaka masu ɗauka da yawa ne suke riƙe da ita.

Ɗan Adam yana da nau'in kinesin kusan 45, kuma masu ɗaukar kaya a cikinsu kowane da irin kayan da ya saba ɗauka. A ɓangaren dawowa kuwa, dainin guda ɗaya ne yake kusan dukan aikin, tare da wani mataimaki da ake kira dainaktin. Wannan ya sa ƙaramar matsala a jikinsa takan yi ɓarna mai faɗi.

Me ake kaiwa, me ake dawowa da shi?

Ana fita da maitokondiriya, wato 'yan tashoshin da ke samar da ATP, da jakunkunan da za a zuba sinadaran saƙo a ciki, da sabbin kayan gyaran fatar akson, har da umarnin haɗa wasu furotin a can wurin da ake buƙatarsu.

Abin da ake dawowa da shi kashi biyu ne. Na farko tarkace: tsofaffin furotin da maitokondiriyar da suka lalace, a kai su inda za a narkar da su. Na biyu labari. Tsoka ko fatar da jijiya take yi wa aiki tana fitar da wasu sinadaran raino, ƙarshen akson ya haɗiye su, dainin ya kai su uwar jiki. Isowarsu ce ke shaida wa ƙwayar cewa har yanzu ana buƙatarta. A lokacin da jariri yake ciki, ƙwayoyin jijiyar da ba su sami wannan saƙo ba mutuwa suke yi. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen sun karɓi lambar Nobel a 1986 saboda gano na farkon waɗannan sinadarai, wanda ake kira NGF.

Yaya saurinta yake?

Akwai mai sauri, akwai mai nawa. Mai saurin takan kai milimita 400 a rana, don haka jaka na iya tashi daga laka ta isa tafin ƙafa cikin kwana biyu da rabi. Mai nawar, wadda ke ɗaukar kayan ginin akson ɗin kansa, wani lokaci milimita 1 kawai take ci a rana ko ƙasa da haka. Tafiyar mita 1 ta kusa shekara uku ke nan.

An daɗe ana zaton wasu masu ɗauka dabam ne ke yin ta nawar. A shekarar 2000 aka kalli kayan da ido a cikin rayayyar ƙwaya, sai aka ga idan sun motsa da gudu suke motsawa, amma mafi yawan lokaci a tsaye suke.

Ta yaya aka gano duk wannan?

A 1850, wani likita Bature, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗo, ya ga ɓangaren da ya rabu da uwar jiki yana rugujewa, wanda ke manne da ita kuwa yana nan da ransa. Wannan ya nuna akwai abin da uwar jikin take ciyar da zaren da shi. A 1948, Paul Weiss da Helen Hiscoe suka matse wata jijiya, sai ta kumbura a gefen da ke kusa da uwar jiki, alamar kaya na zuwa suna taruwa a bakin matsin.

Shi kansa kinesin sai a 1985 aka kama shi. Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz ne suka fitar da shi, a wata cibiyar binciken halittun teku da ke Woods Hole a Amurka. Sun yi amfani da wata halittar teku mai suna sikwid, wadda ke da akson mai kaurin da ido ke iya gani, har a matse abin da ke cikinsa a kalli jakunkuna suna tafiya. Bayan shekara biyu, a 1987, ɗakin binciken Richard Vallee ya nuna cewa dainin ne mai dawo da kaya.

Idan jigila ta tsaya, yunwa ce ke kashe akson?

Haka aka ɗauka fiye da shekara ɗari, kuma a ganina amsar da aka samu daga baya tana cikin mafi muhimmancin abin da aka gano a wannan fanni. A 1989, masu bincike a Jami'ar Oxford suka ci karo da wani jinsin ɓera wanda idan aka yanke masa jijiya, ɓangaren da ya rabu yakan yi makonni da rai, maimakon kwana ɗaya ko biyu. Da yunwa ce kawai, da hakan bai yiwu ba.

Ga abin da ya bayyana. Akwai wani furotin mai suna NMNAT2 da ba ya daɗewa, cikin awanni yake lalacewa, don haka kullum sai an kawo sabo daga uwar jiki. Muddin yana isowa, wani furotin mai suna SARM1 yana kwance shiru. Da zarar ya yanke, SARM1 ya farka ya cinye sinadarin NAD da akson yake samar da ƙarfi da shi, zaren ya wargaje cikin ƙanƙanin lokaci. A 2012 aka tabbatar da wannan rawa ta SARM1. Ashe akson da kansa yake rushe kansa, bisa wani tsari da aka gina a cikinsa, kuma abin da yake bisa tsari ana iya neman hanyar dakatar da shi. Ba sai an yanke jijiya ba ma, raguwar jigilar kaɗai na iya tayar da shi.

Me ya sa mai ciwon sukari ƙafarsa ce ke fara yin dindiris?

Jijiyoyin ƙafa su suka fi tsawo, su suka fi dogaro da jigila, don haka idan abu ya taɓa dukan jijiyoyin jiki, su ne ke fara gazawa, kuma daga can ƙarshe suke fara mutuwa. Mutum yakan fara jin zugi ko tsira kamar ta allura a yatsun ƙafa biyun, sannan abin ya hauro a hankali. Sai ya kai wajen gwiwa kafin yatsun hannu su fara, domin a nan tsawon jijiyoyin biyu ya zo ɗaya. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. Yawan sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiya, yana kuma raunana maitokondiriya, jigila ta ragu.

Wasu magungunan daji ma haka suke yi, kuma dalilinsu a fili yake. Vincristine da paclitaxel suna hana ƙwayar daji rabuwa ne ta hanyar taɓa maikurotubul, waɗannan bututun kuwa su ne hanyar da kinesin yake bi. Wanda ke karɓar irin wannan magani ya fara jin yatsunsa na mutuwa, ko ya kasa ɓalla maɓallin riga, ya gaya wa likitansa da wuri, don ana iya rage adadin ko a sauya tsari. Kada ya daina da kansa.

Da gaske ne wasu ƙwayoyin cuta ta wannan hanya suke shiga ƙwaƙwalwa?

Ƙwarai kuwa. Bairos ɗin ciwon haukan kare ba ya bin jini. Yana shiga ƙarshen jijiya a wurin cizon, dainin ya ɗauke shi kamar sauran kaya ya nufi laka da shi, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa alamun sukan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin su fito, shi ya sa kuma cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin kisa, don tafiyar gajera ce. Wannan jinkirin shi ne damar da mutum yake da ita. A wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allurar rigakafi, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Idan alamu suka riga suka bayyana, kusan babu mai tsira. An ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, kuma kusan duka daga cizon kare ne, alhali ana iya hana kowace ɗaya daga cikin waɗannan mace-mace.

A cutar tetanus, ƙwayar cutar tana zaune a cikin rauni, dafinta ne ke hawa jijiya zuwa laka, inda yake toshe ƙwayoyin da aikinsu shi ne sassauta tsoka. Sai haƙora su sarƙe, jiki ya sandare. Bairos ɗin ƙarambau kuwa zuwa da dawowa yake yi. Bayan yaro ya warke, bairos ɗin yakan koma ya ɓuya a uwar jikin jijiyoyin ji da ke gefen laka. Bayan shekaru masu yawa, idan garkuwar jiki ta yi rauni, sai ya biyo akson ya fito fata, ƙuraje masu raɗaɗi su feso a gefe guda na jiki, daidai yankin da wannan jijiyar take kula da shi.

Akwai cututtukan da ake gado saboda lalacewar masu ɗaukar kayan?

Akwai, kuma su ne hujja mafi ƙarfi cewa matsalar jigila ita kaɗai ta isa ta jawo cuta. Akwai wani rukunin cututtukan gado da ke sa ƙafafu su riƙa ƙagewa suna rauni a hankali, domin dogayen akson da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙasan laka suna lalacewa daga ƙarshe. Sanadin da aka fi samu shi ne tangarɗa a furotin mai suna spastin, wanda aikinsa datsa maikurotubul ne don a sabunta su. Cutar Charcot-Marie-Tooth, wadda aka bayyana tun 1886, tana kama kimanin mutum 1 cikin 2,500. Tana ramar da tsokar ƙafa da hannu, kuma wasu nau'o'inta daga dainin ko daga furotin ɗin maitokondiriya suke tasowa.

Wani kinesin mai suna KIF5A abin lura ne. Idan tangarɗar ta faɗa a ɓangarensa mai takawa, ƙagewar ƙafa ko Charcot-Marie-Tooth ake samu. Idan ta faɗa a ɓangaren da ke riƙe kaya, sai ta zama cutar ALS, mai kashe ƙwayoyin jijiyar da ke motsa tsoka, kamar yadda aka gano a 2018.

Cututtukan Alzheimer, Parkinson, Huntington da ALS fa?

A cutar Alzheimer, wadda ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwa, akwai furotin mai suna tau da ke manne da maikurotubul yana taimaka musu su tsaya daram. Idan ya lalace sai ya saki bututun ya dunƙule a cikin ƙwaya. Waɗannan dunƙulen ne Alois Alzheimer ya gani a 1906. Wani bincike na 2005 ya ga akson sun kumbura da kayan da suka maƙale a ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta fara kamawa, a ɓeraye kuma kumburin ya riga sauran alamun bayyana da fiye da shekara guda.

A cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nawar motsi, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin saƙo mai suna dofamin suna da akson mai rassa dubbai, ƙarfin da suke ci yana da yawa ƙwarai. Furotin biyu, PINK1 da Parkin, su ke tsayar da maitokondiriyar da ta lalace su sauke ta daga hanya a narkar da ita. Iyalan da suka gaji tangarɗa a ɗayansu, cutar takan kama su tun da ƙuruciya.

Cutar Huntington, mai sa fizgar gaɓoɓi da raunin tunani, ta gado ce zalla, ɗan mai ita yana da yiwuwar kashi 50 cikin ɗari na gadonta. A 1993 aka gano ƙwayar gadon, a 2004 kuma aka nuna cewa furotin ɗinta yana taimaka wa jigilar wani sinadarin raino mai suna BDNF zuwa sashen ƙwaƙwalwar da cutar ta fi lalatawa. ALS kuwa, cutar da masanin kimiyya Stephen Hawking ya rayu da ita, tana kashe ƙwayoyin da ke motsa tsoka. A ɓerayen da aka sa wa irinta ta gado, jigila tana raguwa tun kafin rauni ya bayyana, kuma akson yana sakin tsoka tun uwar jiki tana da rai.

Ke nan matsalar jigila ce sanadin dukansu?

A nan sai an yi hattara. Inda tangarɗar take a jikin kinesin ko dainin, babu gardama. Amma a Alzheimer da Parkinson na gama-gari, masana suna saɓani, domin duk ƙwayar da ba ta da lafiya jigilarta takan ragu, ko mene ne ya fara taɓa ta. Abin da ya fi kusa da gaskiya, a nawa ganin, shi ne abubuwan suna ciyar da juna: furotin ya dunƙule ya tare hanya, tarewar ta hana kwashe tarkace da kawo ƙarfi, hakan ya sa wani furotin ya sake dunƙulewa. Duk wanda ya ce maka abu ɗaya ne tal ke kawo waɗannan cututtuka, ya faɗi fiye da abin da bincike ya nuna.

Buguwar kai tana taɓa ta?

Tana taɓawa. Idan kai ya fizgu da ƙarfi a haɗarin mota, akson na miƙewa, bututun ciki su karye, kaya su taru a wurin cikin awanni kaɗan. Hoton farko a asibiti na iya fitowa kamar ba komai, alhali ɓarnar tana nan. A ciwon hawan ruwan ido ma, wato gilakoma, matsin yana tare jigila a daidai inda jijiyar gani take fita daga ƙwayar ido.

Akwai maganin da ke gyara jigilar?

Har yanzu babu wanda aka amince da shi don wannan aiki kai tsaye. An gwada magungunan ƙarfafa maikurotubul a masu Alzheimer, ba su kai ga nasara ba. Ana kan aikin samar da masu toshe SARM1, kuma a dabbobi sun kare jijiyoyi daga illar magungunan daji. A 2023, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tofersen don wani nau'in ALS na gado da ba shi da yawa, kuma cikin hujjojin da ta dogara da su har da raguwar niyurofilamen a jini. Wannan furotin yana cikin kayan da jigila mai nawa take ɗauka, kuma yana zuba cikin jini idan akson ya fashe, don haka aunawarsa tana nuna yawan ɓarnar da ke gudana.

A yi hankali da masu tallar ƙwayoyin "gyaran jijiya". Bitamin B12 yana taimakon wanda ya rasa shi ne kawai, B6 kuma idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Jijiyar da ta yanke tana sake tsirowa?

Ta hannu da ƙafa tana yi, kimanin milimita 1 a rana, kusan daidai da gudun jigila mai nawa da ke kawo kayan ginin. Rauni a gwiwar hannu na iya ɗaukar kusan shekara kafin ji ya dawo yatsu. Tsokar da ta zauna wata 12 zuwa 18 babu jijiya kuwa da wuya ta sake karɓarta, shi ya sa ba a son jinkirta aikin ɗinkin. Akson na cikin laka da ƙwaƙwalwa ba sa sake tsirowa yadda zai yi amfani.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan yatsun ƙafa suka yi makonni suna zugi ko dindiris, ko takalmi na saɓulewa mutum bai ji ba, ko yana yawan tuntuɓe saboda gaban ƙafar ba ya ɗaguwa, ko tsokar hannu na ramewa tana ɓari. Yawancin lokaci za a duba sukari, da B12, da aikin ƙoda, a tambayi batun shan giya da magungunan da ake sha, domin waɗannan ana iya yin wani abu a kansu kafin ɓarnar ta yi nisa. Mai ciwon sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum da ido, tunda jin zafi ba lallai ya sanar da shi rauni ba.

Cututtukan jigila a hankali suke tafiya, cikin watanni da shekaru. Idan kuwa farat ɗaya baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe guda suka saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce daga matsalar jini a ƙwaƙwalwa, kuma a take ake kai mutum asibiti.